Ba-Guduma da Firizata

Mijina gyaran bindiga yake yi, amma kada gabanku ya faɗi, ko ƙadangare bai taɓa harbi ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a gidan namun daji, a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ƙofar ƙarfe, bayan ma'ajiyar abincin dabbobi. Bindigogin da ke hannunsa ba sa cin harsashi, allura suke harbawa. Idan zaki ya kwanta ciwo ko ɓauna ta gurɗe, babu mai zuwa ya ce musu su miƙo hannu. Sai likita ya tsaya daga nesa ya harba allurar barci, dabba ta bingire, a yi mata magani. Aikin Malam shi ne duk ranar da likita ya ja kunama, allurar ta je inda aka aike ta.

Ni kuwa ƙanƙara nake sayarwa. Muna zaune a gidajen ma'aikata, kuma daga ƙofar kicin ɗina zuwa ƙofar ɗakin aikinsa taku arba'in da biyu ne. Ba ni na ƙirga ba, shi ya ƙirga. Malam mutum ne da ko sukari zai zuba a shayi sai ya share kan cokalin da bayan wuƙa. Na auri mutum mai awo, ni da ko gishiri da ido nake zubawa.

A wurin aiki babu mai kiransa da sunansa. Ba-Guduma suke ce masa, tun daga Manaja har mai share kejin birai. Ga inda sunan ya samo asali. Bindiga gaɓa-gaɓa ce. Akwai bututu, dogon ƙarfen nan da allura take bi ta ciki. Akwai kuma wadda shi yake kira uwa, wato ƙarfen tsakiya da kunama take jikinsa, wanda gindin bututun yake shiga bakinsa ya zauna. Sau da yawa idan aka kawo sabon bututu sai ya ƙi shiga, ya cije a bakin ƙofa. Yawancin masu gyara a nan suke miƙa hannu su ɗauko guduma. Malam ko ajiye ta ba ya yi. In ƙusa kake so ka buga, sai ya nuna maka hanyar wurin kafinta.

"Duk ƙarfen da ka daka ya riƙe ka a rai," in ji shi. "Kuma ba yau zai rama ba, sai ranar da likita ya tsaya a gaban zaki."

Shi lallashi yake yi. Sai ya ɗora uwar a kan taga tun hantsi, rana ta gasa ta har ta saki jiki. Bututun kuma ya kai shi cikin sanyi ya kwana, ya takure. Da rana ta take sai ya haɗa su maza-maza, kafin kowa ya koma yadda yake. To, ina sanyin yake a duk gidan namun dajin nan? A firizata.

Farkon sanina da wannan dabara ba ta hanyar daɗi ba ne. Muna shekara ta biyu da aure, na sayi firizata ta farko, ina ji da ita kamar ƴar fari. Wata safiya na buɗe zan kwashe ƙanƙara sai na ga wani abu naɗe a tsohuwar singileti, kwance a tsakiyar kayana. Na warware, sai ga dogon ƙarfe duk maiƙo. Na ce wannan wace irin ƙazanta ce? Na ɗebo ruwa da sabulu da soson ƙarfe, na zauna na dirje shi ciki da waje har yana ƙyalli, na jingine shi a rana ya bushe. Da azahar ta gabato sai ga Malam ya shigo da hanzari, ya buɗe firiza, ya zura kai har kafaɗa. Na ce masa in ƙarfensa yake nema ga shi can a tsakar gida, na wanke masa tas.

Ya je ya taɓa shi, ya ji zafi zau. Ya nemi bokiti ya kifa ya zauna. Sannan ya ce, "Uwargida, kin yi ƙoƙari."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu ya yi yana bin tsatsa da ɗan tsumma. Daga nan muka yi yarjejeniya: kwandon ƙasa na hagu nasa ne, amma sai ya naɗe ƙarfensa da kyau, kada ƙanƙarata ta ɗauki wari. Ni na cika nawa alkawarin. Shi kuwa, sau nawa mai sayar da lemo a bakin ƙofar shiga ya dawo yana ce mini, "Mama, ƙanƙarar yau ƙanshin keken ɗinki take yi." Faɗan da muka yi a kan kwandon nan ya fi wanda muka yi a kan tarbiyyar ƴaƴanmu huɗu.

Amma ranar saka bututu ranar kallo ce. Ku dubi mutumin da ko ruwan sama ake yi ba ya ɗaga ƙafa, yana tafiya kamar an ɗora masa kwanon man ja a ka. Ranar sai ya naɗe ƙafar wando, ya sa a kore kaji daga hanya, ya ce in riƙe murfin firiza da hannu ɗaya, ƙofar kicin da ɗayan. Ya sa safar hannu mai kauri, ya sunkuya ya sunkuci bututun, ya zuba a guje. Yara suna bakin ƙofa suna ƙirga masa taku da ƙarfi, birai suna ihu daga kejinsu don su ma ba su saba ganin haka ba. Ya shige ɗakin, ƙofa ta rufe. Abin da ke faruwa a ciki ban taɓa gani ba, domin akwai takarda manne a ƙofar mai sunan mutum uku, shi da Manaja da Likita, kuma Malam ba ya wasa da takarda. Ni dai sai in tsaya in kasa kunne. In na ji fito, to ya shiga. Sau ɗaya yake yin fiton, dogo, kuma ba ya yin sa a kan komai sai wannan.

Abin tsokanarsa a kaina kuwa hannuna ne. Wanda ya shekara talatin yana fasa ƙanƙara yana ɗaure ta a leda, hannunsa ba ya ƙara ɗumi. Yara in zazzaɓi ya kama su ni suke nema in dafa musu goshi, in sun warke kuma su guje ni. Malam yakan ce in na miƙo masa shayi, kafin ya iso hannunsa ya zama na jiya. In zan taimaka masa da maɓallin wuya sai ya ja da baya ya ce, "Tsaya in nemo bargo." Tun ina jin haushi har na daina.

Bara na fara jin kofi yana kaɗawa a kan faranti in ya ɗauka. Sai ya koma riƙe shi da hannu biyu. Sai na ga ya daina share kan cokalin sukari, yana zubawa yadda ya samu. Wannan ne ya tsorata ni, domin na san ba hali ya canza ba. Ya san na sani, na san ya san na sani, muka ci gaba da faɗa a kan kwando. Saura wata biyu ya ajiye aiki, kuma addu'ata ɗaya ce: Allah ya sa kada wani bututu ya zo kafin nan, ya fita da sunansa yadda ya shigo da shi.

Sai direba ya yi baya da motar ɗaukar ciyawa ya bi ta kan doguwar bindigar, wadda ita kaɗai take kai allura nesa. Bututun ya lanƙwashe. Aka aika a kawo sabo, ya yi sati uku a hanya. A satin da ya iso kuma haƙori ya tasar wa Alƙali. Alƙali shi ne tsohon zakinmu, an sa masa sunan ne saboda yadda yake zama a kan dutse yana kallon mutane kamar duk ya san laifinsu. Kumatunsa ya kumbura, ya ƙi cin nama, ya koma can ƙuryar filinsa ƙarƙashin dutse ya kwanta yana nishi. Gajerun bindigogin ba sa kaiwa can. Likita, wata yarinya mai hankali da Malam yake kira ƴata, kullum sai ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ba ta ce komai ba. Manaja shi ya yi magana. Ya ce in ba a gama ba zuwa Alhamis, zai kira wani mai gyara daga cikin gari. Kowa ya san mutumin, da gudumarsa yake yawo a aljihun baya.

Ranar Talata Malam ya naɗe wando, na riƙe murfi da ƙofa, ya fita. Ba gudu ba ne, sauri ne na dattijo, kuma babu yara masu ƙirgawa don duk sun yi aure sun watse. Na kasa kunne har na gaji. Can sai ga shi ya dawo da bututun a hannu, ya mayar kwando.

"Ya sha iska a hanya," ya ce.

Ranar Laraba na ce hanya ba za ta ƙara cin mu ba. Na shimfiɗa bututun a doguwar kular da nake kai wa masu lemo kaya, na rufe shi da ƙanƙara, na ɗauka da kaina har bakin ƙofarsa. Ya karɓa ya shiga. Shiru. Abin da ban taɓa yi ba shi na yi, na zagaya na leƙa ta taga. Yana tsaye, uwar tana matse a jikin teburi, bututun yana hannunsa. Idonsa yana kan ramin sarai, amma gindin ƙarfen sai bugun gefen bakin yake yi, ƙas, ƙas, ƙas. Ya ja numfashi ya sake gwadawa. Har sanyin ya fita, ƙarfen ya fara gumi. Na bar tagar kafin ya juyo, na koma kicin na yi kukana a gaban firiza.

Bai ci abincin rana ba. Da la'asar na hango shi ya nufi wurin kafinta, ya dawo yana tafe hannu ɗaya a cikin riga. Na bari ya shiga wanka, na duba jakar aikinsa. Guduma ce, ƙarama, mai ƙotar katako. Raina bai taɓa ɓaci haka ba. Yana fitowa na tare shi da ita a hannu.

"Malam, wannan fa?"

"Ƙusa zan buga."

"Wace ƙusa? A gidan nan ni nake buga ƙusa, da dutse."

Ya zauna a bakin gado. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, muka tsaya mu biyu muna kallonsu suna rawa.

"Uwargida, hannun ya tafi," ya ce. "Alƙali kwanansa biyar bai ci ba. Sunana ba zai cire masa haƙori ba. In dai dukan za a yi, gara ni in yi, na fi wancan sanin inda ba zai yi ɓarna sosai ba."

"Kai ka ce ƙarfe yana riƙe mutum a rai. Yarinyar nan ce za ta tsaya gaban zaki da shi."

Na fita da gudumar, na buɗe firiza, na jefa ta cikin robar ruwan da zan daskarar, na jera wasu a kai. Na ja mayafi ko zanen aiki ban canza ba, na nufi ofishin Manaja. Na tarar Likita tana wurin. Na gaishe su, na ce so nake a ƙara suna ɗaya a takardar ƙofar ɗakin Malam, na kwana ɗaya.

"Sunan wa, Mama?" in ji Manaja.

"Nawa."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Mama, kin san bindiga ne?"

"Ban san ta ba, ranka ya daɗe. Shi ya san ta. Ni sanyi na sani, kuma hannuna ba ya rawa. Har yau ni nake zura wa maƙwabta zare a allura."

Manaja ya fara jawo maganar doka, Likita ta ce ai doka ta yarda da baƙo in akwai mai suna a takarda tare da shi, kuma ita za ta tsaya. Ya yi ɗan tsaki na wanda aka fi ƙarfinsa, ya ɗauki biro.

Na zaci Malam zai yi gardama. Da na faɗa masa, sai kawai ya ce in ɗauko sandar tsintsiyar bature da guntun famfon ruwan da ke bayan gida. Safiyar Alhamis gaba ɗaya a kan wannan muka ƙare. Ya zana ɗan layi a sandar, ya zana wani a famfon. Ya ce a jikin bututun akwai irin wannan layin, a jikin uwar ma akwai, dole su kalli juna kafin in tura. In na fara turawa kuma babu tsayawa a tsakiya, babu jijjigawa, tafiya ɗaya ce har ƙarshe. In ya tsaya a rabi, ya kama ke nan. Sau talatin ya sa na yi, yana gyara mini tsayuwa, yana cewa na karkace. Na ce masa in ya ƙara cewa na karkace zan je in fasa ƙanƙara in ba shi gudumarsa.

Da rana ta take muka tafi, Likita ta kama kular gefe ɗaya na kama ɗaya. Na ga sunana a takardar, na huɗu, da rubutun Manaja mai kama da tafiyar kaza. Na yi bismillah na shiga.

Ɗakin bai kai kicin ɗina girma ba, amma ya fi shi tsabta, abin da ya ba ni haushi. Magagarai a jere daga babba zuwa ƙarami, kwalaben mai kowace da murfinta, tsummoki a ninke. A bango kowane kayan aiki yana rataye a ƙusarsa. A ƙusa ta ƙarshe sai na ga wani abu da na sani, marikin murfin firizata ta farko, wadda ta mutu tun autarmu tana goye na ba masu gwangwan.

"Wannan me yake yi a nan?"

"Kayan aiki ne," ya ce, bai kalle ni ba. "Ki mai da hankali."

Ya ɗauko uwar daga taga da tsumma, ya matse ta a jikin teburi, ya shafa ɗan mai a bakin. Ya miƙo mini safar hannunsa. Na ce ya ajiye abarsa, da ita ba zan ji abin da nake riƙe da shi ba. Na goge hannu a zane ya bushe ƙarau. Likita ta ɗaga murfin kula, na warware bututun na ɗauka. Sanyi ne mai cizo, amma ni da shi mun saba.

Malam ya sunkuya har kumatunsa ya kusa taɓa teburi, ya rufe ido ɗaya.

"Sauke gindin kaɗan. Haka. Juya dama. Kaɗan na ce, Uwargida, ba tuƙi ba. Dawo. Tsaya nan. Tura."

Na tura. Da farko kamar zai yi gardama, sai na ji ya saki, ya tafi sumul, ya zauna da wata ƴar ƙara, tuk. Layi ya kalli layi. Babu wanda ya yi motsi. Malam ya sa yatsa ya shafa mahaɗar, ya zagaya ya duba ta ɗaya gefen, ya miƙe tsaye. Ya tattara leɓe zai yi fito, sai iska kawai ta fito. Ya sake, iska. Likita ta juya baya kafaɗunta suna rawa. A na uku fiton ya fito, dogo, har birai suka amsa daga can.

Sai ya kamo hannuwana duka biyu ya haɗa a cikin nasa yana murzawa. Nawa ƙanƙara, nasa rawa.

"Malam, saki mana, ga yarinya tana kallo."

"Ta kalla," ya ce. "Shekara talatin ina yi wa hannun nan tsiya, ashe cikin kayan aikina mafi kyawun ne ban rataye ba."

Sauran haɗin shi ya yi abinsa a hankali, babu mai korarsa. Likita ta gwada a jikin allo sau uku, allurai uku suka tsaya kusa da juna kamar ƴan uwa. Kafin la'asar Alƙali ya yi barci, aka cire masa haƙori mai tsawon babban yatsana, ruɓaɓɓe har gindi. Ranar Asabar ya ci nama, ya hau dutsensa ya ci gaba da yi wa jama'a kallon masu laifi. Ni kuma na kai wa kafinta gudumarsa a cikin ƙanƙara guda, ƙotar kawai ta leƙo. Ya juya ta, ya dube ni, na ce ya sa a rana, ba a yi amfani da ita ba.

Da wa'adinsa ya cika Malam ya ajiye aiki. A ɗan taron da aka yi masa Manaja ya tashi zai karanta sunansa na gaskiya daga takarda, ya duba, ya ninke ta, ya ce shi dai Ba-Guduma ya sani. Malam bai ɗauko komai daga ɗakin aikinsa ba sai marikin firizar nan. Mun bar gidan ma'aikata, mun koma kusa da babbar ƴarmu da firizata. Kwandon ƙasa na hagu har yau ban sa komai a ciki ba, ko da yake ina buƙatar wurin.

Yanzu da safe ni nake share masa kan cokalin sukari da bayan wuƙa, yana zaune yana sa ido kada in yi ha'inci. In na miƙa masa kofin, sai ya haɗa da hannuna ya riƙe, don kada ya zube, mu kai shi bakinsa tare. Kullum sai ya ce shayin ya huce. Kullum sai na ce to ya sake ni in ɗumama masa. Bai taɓa saki ba sai ya shanye.